Jubilen Kan Dutse

A Damagaram mutum yana iya rasa hankalinsa shekara uku cur ba wanda ya lura, muddin dai bai manta gaisuwa ba. Lubabatu ta tabbatar da haka a zauren gidanta na Kara-Kara, kuma da mijinta ta yi gwajin.

Kullum bayan la'asar takan saka masa farar riga, ta gyara masa hula, ta zaunar da shi a kujerar roba, ita kuma ta koma bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. Masu wucewa su cire takalma su durƙusa. Ina wuni? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ya iyali? Sai godiya. Ya zafi? Lokacinsa ne. In aka kawo masa gajeren labari ya ce madalla, in labarin ya yi tsawo ya ce Allah ya kyauta. Mutane su tashi suna cewa Koc, tsohon mai koyar da ƴan ƙwallo, ya zama dattijo na gaske, ba ya zubar da magana a banza. Bayan rabin awa daidai Lubabatu ta yi gyaran murya ta ce abinci na hucewa. Ta ja shi ciki, inda zai dube ta da ladabi, irin kallon da ake yi wa ma'aikaciyar otel, ya tambaye ta da Ingilishi ƙarfe nawa motar ƙungiya za ta tashi.

Sunan da iyayensa suka sa masa Keith Rowbeck, a wani garin haƙar kwal can arewacin Ingila. Shekara goma sha biyar ya yi yana saka lamba tara, a ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyar na rukuni na uku da na huɗu, irin waɗanda ko a Ingila sai ɗan garin ke sanin sunansu. Ƙafarsa ta tafiya ce kawai, shi da kansa yake faɗa. Abin cin abincinsa goshi ne. Ya ci ɗari da arba'in da ɗaya, casa'in da wani abu daga ciki da ka. A zamaninsu balo ta fata ce, in ta sha ruwan sama takan yi nauyin ɗanyen tubali, kuma ruwan sama a can ba ya hutu. In an tashi daga atisaye akan rataya masa balo da igiya a jikin ƙarfe, ya buga ɗari kafin ya tafi gida. Ya ajiye wasa yana da shekara talatin da uku, da hanci mai karaya uku, ba haƙoran gaba. Ya gwada tuƙin tasi, ya gwada sayar da inshora, aurensa na fari ya mutu. A 1994 wata ƙungiyar agaji ta turo shi Zinder, wato Damagaram, na wata goma sha takwas, ya koya wa matasa balo don su rage jifan juna. Ƙungiyar ta gama aikinta ta tafi, ta bar allo mai sunanta a bakin hanya, ta bar shi.

Ya musulunta aka ce da shi Khalid. Ya auri Lubabatu, sajfam, wato ungozoma, a gidan haihuwa, wadda ta ɗinke masa gira wata rana da ba kowa a bakin aiki sai ita. Ya tara ƴaƴan Kara-Kara, unguwar da sauran gari ke tsallake sunanta in ana lissafin unguwanni, ya yi ƙungiya da su, Shahon Kara-Kara, suka ɗauki kofin jiha sau biyu. Su ne suka raɗa masa Kan Dutse. A garin da duwatsu suka fi itatuwa yawa, wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Abin da gari bai sani ba yana kwance ƙarƙashin zannuwan Lubabatu a akwati, cikin wata babbar takarda ruwan ƙasa. Bara ya zame a makewayi, ta kai shi Yamai da sunan ziyarar ƴarsu. Likita ya ɗaga hoton sikana na kansa a hasken taga, ya yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye tunda ƴar gida ce a aikin asibiti. Ƙwaƙwalwar ta tsuke ta bar fili, jijiyoyin jini sun miƙe sun yi siriri kamar tsohuwar igiyar shanya. Jini ya taɓa taruwa sau ɗaya ya tsaya da kansa. Ga maganin zuciya da yake sha yana tsinka jini.

"Madam," in ji shi, "kan nan ko dokin ƙofa kada ya taɓa. In ya sake buɗewa ba zai tsaya ba."

Damuwar ita ce kai ya manta komai, amma wuya bai manta ba. Wata safiya ta same shi a tsakar gida ya ja baya taku uku, idonsa a kan gugan da ke rataye a reshen darbejiya. Ta cafke shi ya riga ya fara gudu. Tun daga ranar ta sauke guga, ta sauke ragaya, ta sauke fitilar ƙwai da ke reto a rumfa. Har reshen mangwaron maƙwabta da ya leƙo ta katanga ta sa aka sare, aka yi wata biyu ba a gaisawa.

Ranar wata Juma'a, bayan damina ta ɗauke, komite ya zo. Mutum bakwai, duk tsofaffin ƴan wasansa, duk da tumbi. Shugabansu Suma'ila, wanda a da shi ke gefen dama yana ɗago balo, yanzu ma'aikaci ne a meri, ofishin magajin gari, da furfura a gemu. Kusa da shi Safiyanu, na gefen hagu, mai walda, mutumin da in kana so labari ya kai Mirriya kafin magariba sai ka ce masa sirri ne.

Suka yi gaisuwa ta minti goma, Koc ya amsa ba tuntuɓe. Sannan Suma'ila ya gyara zama.

"Koc, mun yi kunya. Shekara talatin kana cikinmu ba mu yi maka jubile ba. Ka yafe mana. Mun sa rana, Asabar ta ƙarshen wata, a babban fili."

"Madalla," in ji Koc.

Jubile wasan girmamawa ne da ake yi wa wanda ya ajiye balo, kuma kowa ya san ƙa'idarsa. Ana saura minti goma a tashi mai jubile zai shigo. Ƴan baya su kamu da ciwon ƙafa nan take, gardiyan mai tsaron raga ya faɗi ɓangaren da balo ba ta zuwa, mai jubile ya ci, a ɗauke shi a kafaɗa.

"Da ka za ka ci, Koc," in ji Safiyanu. "Ni zan ɗago maka. Suma'ila yanzu ko takalminsa ba ya gani, balle raga."

"Kai da tun kana da gashi ba ka taɓa ɗago balo ta sauka a cikin fili ba?"

"Ai gara ni, tawa tana tashi."

Aka yi dariya. Koc ya dubi haƙoransu ya yi irin tasu.

"Allah ya kai mu," in ji shi.

Daga bayan labule Lubabatu ta ce, "Suma'ila, Malam fa kwana biyu ba ya jin ƙarfin jiki."

"Inna, ba gudu zai yi ba. Tsayuwa kawai."

"Gwiwarsa."

"Ai ba da gwiwa yake ci ba."

Suka sake dariya. A Damagaram in aka zo girmama mijinki dole ki ɗan ja baya, ki ce ba sai an yi wahala ba, kuma dole masu girmamawa su ƙi ji. Ta yi nata, sun yi nasu, kowa ya tashi yana yaba tarbiyyar ɗan'uwansa. Kafin su fita Suma'ila ya buɗe leda ya miƙa sabon mayo, rigar wasa, kore, da lamba tara fara ƙal a baya.

Koc ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya bi lambar da yatsa. Ya ɗago ya dubi Suma'ila, kallo na gaske, irin wanda Lubabatu ta yi shekara ba ta gani ba.

"Sanda ta biyu," ya ce da Hausa, wato sandar raga ta can nesa. "Kada ka duba ni. Ka ɗago sanda ta biyu, ina can."

Suma'ila ya share ido da bakin hula. Lubabatu ta ce abinci na hucewa.

Washegari ta hau kabu-kabu zuwa Birni wajen yayarta Gana, mai sayar da turaren wuta, wadda ita kaɗai ta san abin da ke cikin akwati.

"Zan faɗa musu, Yaya."

"Ki faɗa musu me?"

"Gaskiya."

Gana ta ci gaba da murza turare a tafin hannu. "Ki tsaya gaban ƙattin nan ki ce mijina bai san sunana ba, yana fitsari a wando? Shekara uku kina rufa masa asiri, sai ki yaye a rana ɗaya?"

"Ciwo ne. Likita ya rubuta sunansa."

"Likita ya rubuta a Yamai. Nan Zinder ce. Kin san abin da za a ce kafin isha'i? Ta ba Bature ya ci a tuwo. Tun ranar da ya ƙi komawa garinsu ake faɗa a ƙasa-ƙasa, yanzu za ki ba su shaida da bakinki. Ga ƴarki da ke gidan mutane, a ce uwarta ce ta juya wa ubanta kai."

"To ya mutu a fili?"

"Allah ya kiyaye bakinki. Ki ce zazzaɓi ya kama shi ran nan."

"Su cika mini ɗaki da dubiya? Yaya, rabin awa yake iyawa. Bayan rabin awa sai ya fara neman takalman wasa a ƙarƙashin mutane."

"Ki gudu da shi Yamai."

Ta gwada wannan. Ta aika wa Suma'ila cewa tafiya ta kama su ƙarshen wata. Komite ya zauna ya ɗaga rana da mako biyu, aka sake buga fosta, aka aiko mata da saƙo cewa ko shekara za su yi a Yamai Kara-Kara za ta jira.

Akwai kuma wani abu da ba ta faɗa wa Gana ba, don ita kanta ba ta so ta ji shi da kunnenta. Tun da mayon nan ya shigo gidan, Malam ya dawo cin abinci. Yana tashi da safe ya miƙa ƙafa a jikin turmi, yana ƙirgawa da Ingilishi. Ya daina tsayawa a kusurwa yana kallon bango. Ran nan ma ya yi waƙa a makewayi. Shekara uku tana wanke mutumin da ba ya nan, yanzu an buɗe taga ƴar kaɗan ta hango shi a ciki. Ba ta so a rufe.

Fostoci suka cika gari, daga tasha har bakin kasuwar Dole: tsohon hotonsa yana sama, wuya a lanƙwashe, idanu a buɗe. Gidan rediyo na ta sanarwa safe da yamma. Mata a famfo suna yi mata barka kamar ta yi haihuwa.

Ana jibi wasa ta ciro takardar daga akwati, ta naɗe ta cikin mayafi, ta tafi meri. Ta sami Suma'ila a biro, wato ofishinsa, shi kaɗai. Ta mayar da ƙofa ta rufe, abin da ya sa ya miƙe tsaye.

"Inna, lafiya? Da kin aiko ai na zo."

"Zauna, Suma'ila. Amana zan ba ka."

Ta ɗaga hoton a hasken taga kamar yadda likita ya yi. Ta nuna masa filin, ta nuna masa farin tabon tsohon jini. Ta faɗa masa komai, har guga, har motar ƙungiya. Muryarta ba ta girgiza ba, shekara talatin ta yi tana faɗa wa maza labarin da ba su so a baranda.

Suma'ila ya ƙura wa hoton ido.

"Amma ya gane ni," ya ce. "Ya ce mini sanda ta biyu."

"Lambar ya gane."

"Duk zuwan da nake yi..."

"Gaisuwa kake yi, yana amsawa."

Ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe sai ya koma ma'aikacin meri. A fasa? Ba za a iya ba, wakilin gwamna ya karɓi gayyata, an yi alkawarin yanka shanu biyu, ƴan Gouna da Dakusa sun ɗauki motoci. In aka fasa za a tambayi dalili, kuma dalilin shi ne abin da ke hannunta.

"Ga yadda za a yi, Inna. Ni zan ba shi balo. A ƙasa, a hankali, kamar ana ba jariri. Ya taɓa da ƙafa, gardiyan ya kauce, shi ke nan. Wallahi balo ba za ta tashi ko taƙi ɗaya ba. Na ɗauki wannan a wuyana."

"Sauran fa? Ka faɗa musu kada kowa ya ɗaga."

"In na faɗa za su ce don me."

"Safiyanu ko..."

"Safiyanu? Inna, gara in hau rediyo."

Nan ne wurin da za ta ce to faɗa musu, a ce abin da za a ce. Ta san wurin, ta gan shi sarai, kamar mai ganin rami a hanya da rana tsaka. Ta naɗe hoton a mayafi.

"Amana ce, Suma'ila."

"Har kabari, Inna."

Ranar Asabar zafi ya yi zafi, irin na bayan damina da ke manne riga a baya. Fili ya cika tun azahar. Wakilin gwamna ya zo a makare kamar yadda muƙaminsa ya tanada, aka yi jawabi biyar, kowanne ya ce Koc uba ne. An zaunar da Lubabatu a inuwar manyan baƙi, kusa da mijinta, hannunta a kan gwiwarsa. Ba ta bukaci riƙe shi ba. Tun da aka busa usur idonsa bai bar balo ba, wuyansa na ɗan motsi duk sanda ta tashi sama.

Tsofaffin Shaho suka kara da samarin Shaho, samari na ta ƙoƙarin kada su ci da yawa. Ana saura minti goma alƙalin wasa ya tsayar. Ganguna suka ɗauka. Suma'ila ya zo da kansa ya kama hannun Koc, ya dubi Lubabatu ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ya sauka matakala kamar kowane tsoho mai shekara saba'in da biyu, a duƙe, yana laluben ƙasa da ƙafa, mayo a kan dogon wando. Yana taka farin layi sai bayansa ya miƙe. Ya zare hannunsa daga na Suma'ila. Ba wanda ya nuna masa hanya, ya wuce kai tsaye zuwa sanda ta biyu, ya ja baya taku uku, ya ɗaga hannun dama.

Fili ya ɗauka da murya ɗaya. "Kan Dutse! Kan Dutse!"

Aka mirgino wa Suma'ila balo a gefen dama. Ƴan baya suka fara ɗingishi. Ya matso har cikin da'ira, kusa ƙwarai, ya tura ta da cikin ƙafa, a ƙasa, a hankali, daidai gaban takalmin Koc. Ya cika alkawari ba ragi.

Koc bai duba ƙasa ba. Shekara goma sha biyar a Ingila da talatin a Zinder, bai taɓa tsayawa a wurin nan yana jiran abu daga ƙasa ba. Idonsa na sama, hannunsa na sama. Balo ta wuce gaban ƙafarsa da taƙi ɗaya, ta ci gaba da mirginawa, ba mai taɓa ta, har gefen hagu.

Dariya ta ɓarke. Wani daga bayan raga ya yi ihu, "Suma'ila, tumbi ya hana ka ɗagawa?"

"Wa ya taɓa ba Kan Dutse a ƙasa?"

"Da ka! Da ka! Da ka!"

Safiyanu ya taka balo ya tsayar. Suma'ila ya nufo shi da gudu, gudun da bai yi ba tun yana saurayi, yana kaɗa hannu biyu. Safiyanu ya dube shi ya yi murmushi. Wato an ba ka ka ɓata, kuma kana so a sake ba ka. Ya ɗan ja baya.

Lubabatu ta miƙe. Ta kira sunan Safiyanu da iyakar ƙarfinta, muryar mace ɗaya cikin mutum dubu shida. Matar wakilin gwamna ta dafa ta ta ce, "Wallahi Hajiya ni ma tsigar jikina tashi take."

Shekara talatin ana yi wa Safiyanu ba'a cewa ba ya ɗago balo ta sauka a fili. Wannan ta tashi sumul, ta lanƙwasa, ta haye kan gardiyan, ta gangaro sanda ta biyu kamar an auna da igiya.

Tsohon ya yi taku uku. Bai tashi sama sosai ba, watakila taƙi guda. Amma baya ya lanƙwashe, wuya ya ja, goshi ya sauka a tsakiyarta. Duk da ganguna Lubabatu ta ji ƙarar. Gardiyan bai ma samu damar kaucewa ba, balo ta riga ta daki raga.

Ya faɗi a gwiwa, ya dafa ƙasa, ya tashi. Ya ɗaga hannu yana dariya da bakinsa marar haƙora. Sai sauran ƴan wasa duka suka rufe shi, kuma kowa ya san yadda ake taya wanda ya ci da ka murna. Ana shafa kan, ana bubbuga shi, ana jijjiga shi. Hannu bayan hannu. Suma'ila na tsakiya yana ture mutane yana zagi, aka ɗauka kishi ne aka ƙara dariya. Suka ɗaga Koc a kafaɗa suka zaga fili da shi, yana reto.

Sai da aka ba shi lambar yabo, aka ɗauki hoto da wakilin gwamna, sannan ta samu ta kai hannu gare shi. Lafiya lau yake, har gumi ya ƙara masa kyau. Suma'ila ya kawo motarsa bakin ƙofa, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Asibiti," ta ce masa a hankali.

"To, Inna."

Amma komite ya tanadi rakiya. Kabu-kabu sun fi ɗari biyu, gaba da baya da gefe, da tutoci kore, za a kai Koc gida ta tsakiyar gari don kowa ya gani. Motar ta shiga cikinsu kamar saniya cikin garke, tana tafiyar ƙafa. Odar babura ta ko'ina.

A kujerar baya Koc ya juyo ya dube ta.

"Luba," ya ce. "Kin gani?"

Rabon da ya kira sunan nan tun azumin bara.

"Na gani, Malam."

"Yaron nan ya iya ɗagowa. Na ce miki zai iya."

"Ka faɗa."

Ya riƙe hannunta ya matse. Suka wuce gidan mai, suka wuce masu tsire, mutane na ɗaga hannu a bakin titi. Minti goma ko sha biyar ta samu, yana ba ta labarin wani wasa cikin ruwan sama, rabi Hausa rabi Ingilishi, yana sanin wadda yake ba. Ta bar shi ya yi ta faɗa.

Sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ya dafa goshi. Ya sunkuya ya yi amai a kan lambar yabo.

Ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa wajen taga. Ƙwayar idon dama ta buɗe ta yi faɗi, baƙa ƙirin, hasken yamma na dukanta ba ta motsi. Ta hagu ƙarama. Hannun da ke riƙe da nata ya saki.

"Suma'ila, juya."

"Ina zan bi, Inna? Kin ga hanyar."

Ta sauke gilashi ta fito da kai har kafaɗa, mayafi ya zame ba ta kula ba.

"Ku buɗe hanya! Jini ne ke zuba a cikin kansa! Shekara uku ba shi da lafiya, bai san kowa ba, ni na ɓoye! Ku buɗe!"

Na kusa suka ji. Suka faɗa wa na gaba, na gaba suka faɗa wa na gabansu. Oda ta mutu layi-layi. Kuma da yake mutanen kirki ne masu tarbiyya, kowa ya kashe babur ɗinsa a inda yake, ya kafe shi a tsakiyar titi, ya tako da ƙafa don ya ga halin da Koc ke ciki. Cikin minti ɗaya motar ta nutse a cikin fuskoki. Gaba kuwa babura ɗari ne a tsaye ba masu su.

Suma'ila ya fito ya cafki na farko da hannunsa ya kai gare shi, wani Mahamud mai jan babur.

"Hau. Tayar."

Suka ciro tsohon, ya yi nauyi kamar buhun gero jiƙaƙƙe. Suka ɗora shi bayan Mahamud. Lubabatu ta tattare zani ta hau bayansa, mace mai shekara sittin, a gaban duk Damagaram, ta sa hannu biyu ta riƙe kansa a ƙirjinta. Safiyanu ya iso yana haki, har yanzu da takalman wasa.

"Inna, me ya faru? Me aka yi masa?"

Mahamud ya kutsa ta gefen kwata, ya faɗa lungu. Asibiti kilomita huɗu ne, kuma damina ta cinye hanyar. Likitan da ya san kan nan yana Yamai, kilomita ɗari tara. Duk ramin da suka faɗa tana jin sa a tafin hannunta.

"Hajiya," in ji Mahamud ba tare da ya waiwayo ba, "ki ce ya ɗaga ƙafarsa, tana jan ƙasa."

Ta leƙa. Ƙafar hagu ta sauka daga mataki, takalmin na karce ƙasa, yana barin layi a bayansu.

"Malam," ta ce a kunnensa, "ɗaga ƙafarka."

Bai ɗaga ba.